Namijin da Aka Ji a Ɗakin Mai Takaba

Na tsani wasan nan na Japanawa da 'yata take yi a waya. Na tsane shi ranar da na fara ganinsa, na ƙara tsanarsa da na zauna na karanta abin da ke ciki da idona, yau ma da nake wannan rubutu ban sauya ba. Wanda yake jiran in ce daga baya na gano amfaninsa, ya tashi ya kama harkar gabansa.

'Yar tawa a Maska ta yi aure, gidan wani dattijo manomi da kowa ke ce wa Alhaji. Mijinta ɗansa ne, mai gyaran waya a kasuwar Funtua, yaro mai fara'a da ba ya zuwa gaishe ni hannu sake. A farkon kaka ya hau mashin zai je Danja, babbar mota ta haɗa da shi a hanya, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar ta da yarinya ɗaya da ba a daɗe da yaye ta ba.

Ta shiga takaba a ɗakinta, cikin gidan surukanta. Wata huɗu da kwana goma ba kwalli, ba turare, ba lalle, ba fita, ba ɗaga murya, kuma ba namijin da zai yi mata maganar aure. Wannan addini ne, na yarda da shi. Sauran kuwa mata ne suka ƙara da kansu: ki riƙe 'yar wuƙa duk inda za ki, ko bayan gida ne, kada ki duba madubi, ki yi tafiya kamar mai tsoron taka ƙwai. Ni ma na yi tawa takabar lokacin da mahaifinta ya rasu, na riƙe wuƙar har ta yi mini kanta a tafin hannu, ban ga abin da ta kora ba. Bayan na fita ne na shiga makarantar yaƙi da jahilci da furfurata, na koyi karatun boko, na tsinci Turanci daidai na karanta takardar magani. Tun daga nan ake ce mini Malama, rabi girmamawa rabi ba'a.

Da aka yi sadakar bakwai na koma garinmu Ƙarfi, don masarata na tsaye a gona, ɓeraye da ɓarayi kuma ba su san zaman makoki ba. Ina cikin ɗaurin buhu wata safiya wayata ta yi ƙara. Yayar marigayin ce, wata Hajiya da ke aure a Danja, wadda ta zo gaisuwa ta zauna ba ranar tafiya.

"Malama, ki zo ki ji abin da 'yarki take yi. Bakina ba zai iya faɗa a waya ba."

Na bar buhunan a buɗe na hau mota zuwa Funtua, daga nan ɗan acaba ya kai ni Maska. Na tarar da matan gida da na maƙwabta a tsakar gida suna ɓarar masara. Da na yi sallama hira ta mutu, sai ƙarar ƙwayar masara a cikin kwano. Aka ba ni tabarma da ruwa. Hajiya ta gyara zama ta fara.

Wai bayan azahar, lokacin da gida ya yi tsit, ta zo wucewa ta bayan tagar mai takaba sai ta ji muryar namiji a ɗakin. Murya ƙasa-ƙasa, mai laushi, irin ta mai lallashi, har da ajiyar zuciya. Ba Hausa ba, ba Turanci ba, ba Fillanci ba. Ta kira wata ta zo ta saurara, ita ma ta ji. Washegari suka koma su uku suka sake ji, har da shesshekar kukan 'yata tana biye da muryar.

"Wucewa kika zo yi ku uku?" na tambaya.



Wata tsohuwa mai goro a kumatu ta ce ita tun farko ta faɗa, yarinyar ba ta riƙe wuƙa, to ga shi aljani ya aure ta, don wannan yare ba na bil'adama ba ne. Wata kuma ta ce wane irin aljani, ai wani ne cikin 'yan kasuwar da ke layin marigayin, waɗanda suka zo daga kudu, ya samu lambarta a wayar mamaci. Suka kama gardama a gabana, aljani ne ko kwarto, hannuwansu ba su daina ɓara ba. Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Matan nan su ne suka yi ta rusa kuka ranar jana'iza har ana riƙe su, yau ga su fuska sai walƙiya take, sun samu abin taunawa da ya fi goro.

Hajiya ta yanke gardamar. "Ko wane ne, marainiyar ƙanena ba za ta tashi a ɗakin da ake wannan ba. Na faɗa wa Alhaji, ya amince. Gobe da hantsi zan tafi da ita Danja, ta zauna wurina."

Ban ce uffan ba, kuma ga dalili. 'Yar nan ita ce ta fari a wurina. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yabonta, ba ta tsaya mata a gaban mutane, balle a gidan surukai. Ko dukanta ake yi, kai za ki kawar ki ce a ƙara mata. Wannan ita ce kara, da ita aka raine ni, kuma Hajiya ta san da haka sarai, shi ya sa ta kira ni. Shaida take so, uwar ma ta zo ta ji ta yi shiru.

Na tashi na shiga ɗakin. Tana zaune a ƙasa jingine da gado, cikin wani koɗaɗɗen zane, wuyanta ya zama kamar na tulu. Jikata tana barci a cinyarta. Na saki labule na tsaya a kanta.

"Ke. Wane ne?"

"Wa, Inna?"

"Namijin da ake ji a ɗakin nan."

Ta dube ni, sai ta miƙa hannu ƙarƙashin filo ta ciro waya ta danna ta ba ni. Murya ta fito, kuma wallahi ban ga laifin kunnen Hajiya ba, namiji ne, yana magana kamar mai hura wa jariri kunu. Amma fuskar da ke jikin gilashin zane ce. Wani saurayi ne da gashi har gadon baya, launin shuɗin bula, haɓa kamar tsinin allura, ido ya cinye rabin fuska, ba gemu ba gashin baki, ya rataya takobi yana tsaye ƙarƙashin bishiya furanni na zubo masa. Na juya wayar na duba bayanta, na sake juyowa.

"Wannan mace ce ko namiji?"

"Namiji ne, Inna. Jarumi ne."

"Wannan? Ko akuya ba zai iya kayarwa ba."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. Na zauna a bakin gado na ce ta faɗa mini komai daga tushe, kada ta tsallake.

Ta ce wasa ne da ake yi a ƙasar Japan, kuma ya daɗe, tun tana ƙarama aka fara shi, lokacin sai an jona wata na'ura da talbijin. Kashi-kashi ne, in an gama wannan a jira shekaru a fito da wani. A kowane kashi wata yarinya 'yar makaranta ce take faɗawa zamanin da, zamanin kakannin kakanninsu, ta tarar ƙasa ta rikice da yaƙi da fatalwa, sai a haɗa ta da samari masu tsaronta. Mai wasan ita ce yarinyar. Ana yi mata magana, amsoshi su fito a rubuce, ta zaɓi ɗaya. In ta iya zaɓe, ɗaya daga cikin samarin ya so ta.

"In ba ta iya ba fa?"

"Sai ta koma gida ita kaɗai."

"To ai wannan ita ce ta tsira," na ce.

Ta ci gaba. A kashi na farko zanen a sandare yake, ba kowace magana ake ji ba, yarinyar kuma ba abin da take yi sai addu'a irin tasu, samarin su yi faɗan. Zamanin sarakuna ne masu dogayen riguna, ba su da aiki sai aika wa mata waƙoƙi a takarda mai ƙamshi. Da aka zo wani kashi sai aka koma zamanin yaƙin gidaje biyu, aka ba yarinyar takobi ita ma. Daga baya aka kai ta zamanin da jiragen ruwan Turawa suka fara zuwa ƙasar. Na'urar ma ta yi ta ƙanƙancewa, daga ta talbijin zuwa ta riƙewa a hannu. Aka ɗauko maza masu daɗin murya suna yi wa zanen magana, har ta kai ana tara mata a babban ɗaki, mazan nan su hau dandamali su maimaita kalaman, matan suna kuka. Turancin da ke ƙasan hoton ma, ta ce, wasu masu son wasan ne suka zauna suka fassara don kansu.

Na ce, "Samarin nan, ƙirƙirarsu aka yi?"

"Wasu an yi su da gaske. Suna cikin tarihinsu. Sarakunan yaƙi ne."

A ce mutum ya yi zamaninsa, ya ja runduna, ya mutu a fagen fama, jikokin jikokinsa su tono sunansa su aske masa gemu, su shafa masa hoda, su tura shi zance wurin 'yar makaranta, kuma su yi ta yi shekara da shekaru, in wannan zamanin ya ƙare su tono na gaba. Mu nan ko sunan kakanka aka kira ba a sa marigayi ba sai an ga ɓacin ranka. Na ce mata mutanen da suka yi wa matattunsu haka ba abin da ba za su sayar ba.

"Ke kuma ina kika samo wannan shara?"

Ta sunkuyar da kai tana shafa bayan yarinyar. "Shi ya sa mini."

Marigayin ke nan. Ta ce tana amarya, ba ta san kowa a Maska ba, yana fita kasuwa tun safe sai dare, sai ya ce bari ya samo mata abin hira. Shi ya san yadda ake sa tsofaffin wasanni su yi aiki a waya, sana'arsa ce. Ya sa mata na farko. Da ta gama ya nemo na biyu. Wanda ake ba yarinyar takobi kuwa tana da cikin wannan 'yar ya kawo shi, lokacin da laulayi ya hana ta tashi. In ya dawo daga kasuwa sai ya leƙo ya ce, "Ina abokin takarata mai gashin bula? Ya kawo cefane yau, ko ni kaɗai zan ci gaba da wahala?"

Na san muryar marigayin, na ji ta a cikin maganar. Na kawar da kai na ce ta ba ni wayar in karanta da kaina, don ban yarda da labarin da ban gani ba.

Na sa tabarau na bi Turancin da yatsa, kalma-kalma. Mai gashin bula yana cewa wata ya yi kyau amma bai kai ta ba. Yana cewa in ta yi murmushi sanyin hunturu ba ya taɓa shi. Amsoshi suka fito, ta ce in zaɓa. Na nemi wadda ke cewa tashi ka nemi aikin yi, babu. Duk ƙasar ban ga mai noma ba, ban ga mai daka ba, ban ga wanda ya ɗora tukunya ba, amma kowa kumatunsa sumul. Ana yaƙi gari na ci da wuta, su suna tsaye a gada suna kallon furanni. Na yi tsaki har jikata ta motsa.

"To kukan me kike yi? Sun ce sun ji kina kuka."

Ta karɓi wayar ta dandanna ta miƙo mini. Wuri ne na yaƙi a bakin ruwa. An harbi mai gashin bula da kibiya, yana kwance, yana magana da ƙyar, ya mutu. Allon ya yi baƙi. Sai rubutu ya fito yana tambaya ko yarinyar tana so ta koma baya. 'Yata ta danna. Sai ga shi an dawo safiyar ranar, yana tsaye lafiya lau yana ɗaura takobi, amsoshi suka fito, ɗaya a ciki tana cewa kada ka bi hanyar nan yau.

"In na zaɓi wannan ba ya mutuwa," ta ce. "Amma ba na wucewa gaba. In ya tsira sai in koma wurin kibiyar in sake."

"Tun yaushe?"

"Tun da kika tafi."

Na rasa inda zan sa kaina. Wani ƙato ya zauna a ƙasarsu, ya ci ya ƙoshi, ya tsara yadda za a kashe mutum a tashe shi da danna yatsa, ya sayar wa mata, abin ya ƙetaro teku ya zo har Maska ya samu yarinyar da mijinta ya hau mashin da safe bai dawo ba. Ita kuma ta zauna tana sosa gyambo da shi kullum bayan azahar. Na ce mata wannan ƙarya ce, kuma muguwar ƙarya, don an yi mata kwalliya. Na ce wanda ya tafi ya tafi, addu'a yake bukata. Na ce da wayar tawa ce da tuni tana cikin masai.

"Na sani, Inna."

"Kin sani kike yi?"

"In ban yi ba sai in yi ta jin ƙarar mashin a ƙofar gida."

Sannan na tambaye ta ko ta san abin da ake shiryawa gobe. Ta ce ta sani. Ta ce tun ranar da maganar ta fito ta kira Hajiya ta miƙa mata wayar, Hajiya ta rufe ido da mayafi ta ce ita ba za ta kalli hoton kwarto ba, Allah ya tsare idonta. Wurin Alhaji kuwa ba ta da hanya, surukinta ne, ko da can ba ta haɗa ido da shi, yanzu ga takaba, zaure ma ba ta isa ta leƙa ba. Tana faɗa tana ƙara matse yarinyar a jikinta har ta farka tana ƙananan kuka.

Da la'asar na samu Hajiya a ɗakin da aka sauke ta. Na ce mata zane ne, wasan yara ne na banza, ta zo ta gani da idonta ta tofa masa yawu tare da ni. Tana zaune tana ninke wasu ƙananan riguna tana jerawa a jaka. Na gane su, ni na ɗinka biyu a ciki. Har da sabon takalmin roba da ta sayo, da 'yan kunne, tun ba a ji wata murya ba, don ledar shagon Danja ce.

"Malama," ta ce, ba ta ɗago ba, "zane yana magana?"

"Rediyo ma yana magana, ba ki taɓa cewa kwarto ne ba."

"Ni dai abin da kunnena ya ji na faɗa. Kuma abin mamaki, 'yar fari ce fa. Ke ce za ki tsaya kina wanke ta a gidan miji? Ko da yake an ce boko yana cire kunya, ban san har na tsofaffi ba."

Matan da ke ƙofa suka ƙyalƙyale. Na dube ta, na dubi jakar. Ita ba ta damu da ko aljani ne ko kwarto ko zane ba. 'Ya'yanta sun girma sun watse, ɗakinta ya yi mata faɗi, ga marainiya mai kama da ƙanenta, ga uwa da takaba ta ɗaure wa baki, ga kaka da kara ta ɗaure wa nata. In yarinyar nan ta tafi Danja da wannan suna a kan uwarta, ba ta dawowa, kuma duk wanda ya tambayi dalili za a ce masa an ji namiji a ɗakin mai takaba. Na fita, suka ɗauka na saduda.

Washegari bayan an idar da asuba, gari ya fara haske, na ɗauki jikata na goya ta da zanena na ɗaure tamau. Na karɓi wayar na ce wa uwarta ta kai mini wurin da mai gashin bula yake surutunsa na wata da furanni, ta ƙure ƙarar. Hajiya tana ɗiban ruwa a bakin rijiya ta ga na nufi ƙofa.

"Malama, ina za ki da yarinya? Maza ne a zaure!"

"Su nake nema."

Alhaji yana zaune a buzu da carbi, limamin unguwa a gefensa, da ƙannensa biyu, ana zuba koko. Na yi sallama na shiga ban jira izini ba. Na durƙusa na gaishe su yadda ya kamata, na kira sunan 'yata a gabansu, sunanta na yanka, wanda bakina bai taɓa furtawa cikin mutane ba. Sannan na ajiye wayar a tsakiyar tabarma kusa da kwanon ƙosai, na danna.

"Alhaji, ga namijin da aka ce an ji a ɗakinta. Ɗanka ne ya kawo shi gidan nan da hannunsa. Ku tambaye shi sunan ubansa da garinsu, ina nan zaune, yarinyar kuma tana bayana har ku gama."